Firij a jirgin ɗaukar kifi: da iska za a sanyaya kwandensa ko da ruwan tafki?

Dillalin_Kifi_Yauri ya rubuta:

Assalamu alaikum. Injiniyoyi da masu gyaran firij na wannan zaure, shawara nake nema. Jirgin katako ne mai tsawon kusan mita 12 da injin Yamaha 40 na ratayawa. Yana zagaya tungayen masunta a tafkin Kainji yana tattara ɗanyen kifi, galibi giwan ruwa da karfasa, ya kawo Yauri. Fita ɗaya tana cin kwana biyu, wani lokaci uku. A yanzu ƙanƙara kawai ake zubawa a akwati, kuma kafin dare na biyu ta gama zama ruwa. Ana so a haɗa akwatin sanyi mai inji a cikin jirgin, wanda zai ci kamar kilo 150 na kifi.

Masu haɗawa biyu sun ba da shawara iri biyu. Na farko ya ce kwamfiresa (injin da ke matsa gas ɗin firij) mai aiki da batir da 'yar fanka ya wadatar. Na biyu ya ce fanka ba za ta tsinana komai ba a zafin Maris da Afrilu, gara a ja ruwan tafkin da famfo ya sanyaya kwandensa (bututun da firij ke zubar da zafinsa ta ciki), tunda ga ruwa nan a banza ƙarƙashin jirgi. Akwai kuma wanda ya ambaci wani faranti da ake mannawa a gindin jirgi ta waje, babu fanka babu famfo. Wanne ya fi dacewa da irin wannan aiki? Wanne ya fi shan batir, wanne ya fi saurin lalacewa? Na gode.

Injiniya_Apapa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma na biyun ya fi kusa, da sharuɗɗa.

Firij ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga cikin akwati ya kai shi kwandensa ya zubar. Sai kwandensa ta fi abin da ke sanyaya ta zafi kafin zafin ya fita. Mai fanka takan hau kan zafin iskar wurin da digiri 12 zuwa 15. Idan iskar da ke ratsa ta tana digiri 42, gas ɗin firij, wato R134a, zai koma ruwa ne a wajen digiri 55, kuma geji zai nuna maka matsin gas kusan bar 14, wato psi 200, a ɓangaren sama (tsakanin kwamfiresa da kwandensa). Ruwan tafki a daidai wannan lokacin bai cika wuce digiri 29 ko 30 ba, kuma kwandensar ruwa digiri 7 ko 8 kawai take hawa a kansa. Ka ga an dawo digiri 37, geji ya sauka zuwa bar 8 da ɗoriya, psi 120. Abin da masu aikin sanyi suke lissafi da shi shi ne, duk digiri ɗaya da ka rage wa kwandensa, wutar da kwamfiresa ke sha don yin aiki ɗaya tana raguwa da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Digiri 18 ba wasa ba ne.

To amma famfon ma da wuta yake aiki. Ƙaramin kwamfiresa irin BD50F, wanda da sunan Danfoss aka san shi kafin ya koma Secop, yana jan amfiya 5 zuwa 6 a batir mai bolt 12 idan yana gudunsa na sama. Ruwa zai iya rage maka amfiya ɗaya da rabi ko biyu. Famfon kuma ya cinye ɗaya ko ɗaya da rabi. A ƙaramin inji ribar wuta kaɗan ce ke saura. Ribar gaske ita ce injin zai ba da sanyi mai yawa a awa ɗaya, kuma ba zai riƙa tsayawa da tsakar rana saboda zafi ba. A manyan injuna kuwa, irin na jiragen kamun kifi da ke fita daga Legas ko Tema, babu ma wata muhawara, galibinsu da ruwan teku suke sanyaya kwandensa, don zafin da suke zubarwa ya fi ƙarfin fanka a cikin ɗakin inji.

Idan za a yi na famfo, ga yadda ake jera shi daga waje zuwa ciki: mashigar ruwa a gindin jirgi, bawul ɗin rufewa a manne da ita, matata mai murfin gilashi ko roba mai ganuwa, famfo, kwandensa, sai mafitar ruwa a gefen jirgi sama da fuskar ruwa inda matuƙi zai riƙa ganinta yana zuba. Kowace mahaɗar tiyo da ke ƙasa da fuskar ruwa a ɗaure ta da kilif biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kilif ɗaya ya saki da dare, ba kifi kaɗai za a yi asara ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne wurin ajiye famfon. Famfon da ya fi daɗewa a wannan aiki shi ne mai juya farfela da maganaɗisu, irin na kamfanin March, don ba shi da sil, wato robar toshiya, da zai yi yoyo. Sai dai ba ya iya zuƙo ruwa da kansa. Dole ya zauna ƙasa da fuskar ruwa, ruwan ya gangaro masa, kuma tiyon ya riƙa hawa a hankali tun daga mashiga har kwandensa ba tare da wani lanƙwasa da iska za ta maƙale a ciki ba. Jirgin katako na tafki ba ya nutsewa da zurfi, musamman idan ba kaya, don haka wurin da ke ƙasa da fuskar ruwa sosai bai wuce kusa da tsakiyar gindi ba, can wajen baya. Idan jirgin ya ɗaga hanci yana gudu, ko igiyar ruwa ta ɗaga shi mashigar ta sha iska, famfon zai ci gaba da juyawa babu ruwa. Minti kaɗan a haka sun isa su narkar da mazaunin farfelar. Shi ya sa ake sa wa mashigar wani ɗan murfi mai baki yana kallon gaba, gudun jirgin da kansa ya riƙa tura ruwa ciki. Akwai famfo mai bugun roba, irin na famfunan jirgi da na motocin zango, wanda yake zuƙo ruwa da kansa kuma ana iya ɗora shi sama. Yana da ƙara, kuma ba a yi shi don ya wuni yana aiki ba, robarsa da burushin motarsa sukan gaji da wuri.

Yawan ruwa: lita ɗaya a minti ta isa ta ɗauke zafin wat 200 tana ƙaruwa da digiri 3 kacal. Amma kar a tsaya a nan. Ruwan da ke tafiya a hankali yana ajiye laka a cikin bututu. Ana son gudun ruwan ya kai kamar mita ɗaya a daƙiƙa, wanda a bututu mai faɗin ciki milimita 10 yake nufin lita 5 a minti. Kar kuma a zarce mita 2, ruwa mai yashi idan ya yi gudu da yawa yana cin bangon bututun daga ciki, ranar da ya huda kuwa ruwa zai shiga cikin gas, kwamfiresan ya lalace.

Ruwan Kainji ba iri ɗaya ba ne duk shekara. Daga Agusta zuwa wajen Oktoba ruwan damina ke shigowa da laka da ciyayi, ga kainuwa tana yawo. A wannan lokacin matata tana iya toshewa sau biyu a wuni. Daga Disamba ruwan ya fi tsabta. Don haka a sayi matata babba, wadda za a buɗe da hannu ba sai da sifana ba, a kuma sa makunnin matsin gas a ɓangaren sama wanda zai kashe kwamfiresa idan ruwa ya yanke. Wanda ya haɗa na ruwa babu wannan makunni bai gama aiki ba.

Ni shawarata, a haɗa biyun a jere: gas ya fara bi ta kwandensar fanka, sannan ya shiga ta ruwa. Famfon a ba shi makunninsa daban. Da dare da safiya da lokacin hunturu fanka ta wadatar, daga hantsi zuwa la'asar a watannin zafi a kunna famfo. Idan famfon ya mutu a tsakiyar tafki, injin bai mutu ba.

Mai_Sanyi_Sabongari ya rubuta:

Injiniya, bayaninka a kan kwandensa babu gyara. Amma ina ganin ba a nan gizo ke saƙar ba. Kafin a yi maganar yadda za a zubar da zafi, a fara ƙidaya zafin nawa ne.

Alhaji, kifin da aka ciro daga ruwa mai digiri 30 yana shigowa da wannan zafin a jikinsa. Kafin kilo 150 ya sauka zuwa sifili sai an cire masa kusan kilojul 15,700, wato wajen kilowat-awa 4 da ɗoriya na zafi. Kwamfiresa BD50F idan komai ya yi masa daidai, abin da yake cirewa bai wuce wajen wat 100 ba. Raba ka gani: sama da awa 40, kuma wannan idan babu wani zafi da ke shigowa ta bango ko ta murfi. Kafin injin ya sanyaya tsakiyar tarin kifin, cikinsa ya riga ya fara lalacewa. Ko da ruwan tafki ka sanyaya shi, ko da na randa, amsar ɗaya ce.

Ƙanƙara kuwa kowane kilo yana shanye kilojul 334 kafin ya narke, kuma tana taɓa jikin kifin kai tsaye. Kilo 50 ya isa ya saukar da kilo 150 na kifi zuwa sifili cikin 'yan awoyi idan an farfasa ta ƙanana an shimfiɗa ta hawa-hawa, ƙanƙara a ƙasa, kifi, ƙanƙara, kifi, a rufe da ƙanƙara a sama. Saboda haka injin ba zai maye gurbin ƙanƙara ba. Aikinsa shi ne ya tare zafin da ke ratso bango, don ƙanƙarar da aka fita da ita ta iso tungar masunta da ranta, ta kuma rage har a dawo.

Wannan zafin na bango shi ne abin da kuɗi ya kamata su fara tafiya kansa. Ɗauki akwati mai mita ɗaya a tsawo, santimita 60 a faɗi, 60 a zurfi, lita 360 ke nan. Bangonsa gaba ɗaya ya ɗan haura murabba'in mita 3. Idan soson foliyuretan da ke cikin bangon kaurinsa santimita 5 ne, kuma waje ya fi ciki zafi da digiri 40, wat 60 ne ke shigowa ba dare ba rana, abin da ke narkar da kilo 15 na ƙanƙara a wuni, wato awa 24. Idan aka mai da shi santimita 10, ya sauka zuwa wajen wat 35, kilo 9 a wuni. Ƙanƙarar da ke ƙarewa kafin dare na biyu tana nuna akwatin da ake da shi yanzu ya fi wannan yoyon zafi nesa ba kusa ba. Ko dai sosonsa ya jiƙe, ko murfin ba ya kamawa, ko rana na dukansa. Soson da ya sha ruwa ba ya tare komai, shi ya sa ake lulluɓe shi da faiba ciki da waje, a toshe duk wata kafa. Murfi a sama, da robar baki mai kamawa. A ƙasa a yi ɗan magudanar ruwan narkewa, a lanƙwasa tiyonsa yadda ruwa kaɗan zai tsaya ya toshe hanyar iska. A yi wa akwatin rumfa.

Da akwati irin wannan, injin zai yi aiki kamar awa 12 cikin 24 ne kawai, kuma a nan fanka tana iya ɗaukar nauyin idan an yi mata adalci. Yawancin abin da ake kira gazawar fanka, gazawar wurin ajiye ta ce. Ana cusa injin a cikin ɗan akwatin katako don kar ruwa ya taɓa shi, fankar ta yi ta juya iskar da ta riga ta zafafa, wurin ya kai digiri 55 alhali waje yana 40. Sai an raba hanyar shiga da ta fita. Kwandensa ta manne da kafar shigar iska, a toshe gefenta da soso yadda iska ba za ta kewaye ta ba, mafita kuma ta kasance sama a wani gefen, ba ta gaza faɗin mashigar ba. Idan za a ja iskar da tiyo, ya kai inci 4 a faɗi kuma kar ya yi tsawo. Iskar da ke kwance ƙasa kusa da katakon gindin jirgi ta fi ta sama sanyi da 'yan digirori, don ruwa na sanyaya katakon, daga nan ya fi kyau a ja ta, muddin ba inda tankin fetur yake ba ne. Fanka mai milimita 120 ta bolt 12 tana jan ƙasa da rabin amfiya. Kar a haɗa fanka biyu manya a tashar fanka ta akwatin lantarkin kwamfiresan, rabin amfiya ne iyakarta, idan aka wuce sai ya ƙi tashi. Mai son ƙari ya bi ta rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa. A riƙa share ƙurar hunturu da ɓawon kifi daga haƙoran kwandensar da burushi mai laushi duk mako.

Wuta: amfiya 5 sau awa 12, amfiya-awa 60 ke nan a wuni. Batirin ruwa ba a shan fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe, don haka a nemi mai amfiya-awa 150 zuwa 200, da sola ta wat 250 zuwa 300. A ɗora solar a kan rumfar akwatin. Ɗan cajin da injin ratayawa ke bayarwa ba abin dogaro ba ne a wannan lissafi.

Sannan kar a bar kifi ya jingina da farantin sanyin da ke cikin akwati, a sa masa shinge na roba ko katako. Kifin da ya daskare rabi-rabi a hankali namansa yana saki idan ya narke, masu saye kuma suna ganewa da yatsa. A saita tamostat, makunnin da ke auna sanyi, ya riƙe cikin akwatin tsakanin sifili da digiri 2.

Dillalin_Kifi_Yauri ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malam Mai Sanyi. Maganar akwati ta shiga. Saura tambaya biyu. Shi wancan farantin na gindin jirgi fa, ba wanda ya taɓo shi. Sannan me zai hana a ɗauki firizar gida ta kwance a haɗa ta da inbata a huta, tunda ita tana nan a kasuwa kuma kowane mai gyara ya san ta?

Makaniki_Tema ya rubuta:

Alhaji, farantin da ake magana kwandensa ce da aka fitar da ita waje gaba ɗaya. Ana huda gindin jirgi, a manna wani tubalin tagulla ta waje, a cikinsa akwai bututun da gas mai zafi ke ratsawa, ruwan da jirgin ke zaune a kai shi ke ɗauke zafin. Kamfanin Frigoboat na Italiya ya yi suna da shi. Isotherm kuma suna da wani salo da suke naɗe bututun gas a cikin mafitar ruwan wanke-wanke ta jirgin, motsin igiyar ruwa ya riƙa sauya ruwan da ke ciki. A lissafin wuta babu wanda ya kai su, ba fanka ba famfo ba matata, shiru kake ji.

An yi su ne don jiragen shaƙatawa na faiba da ke kwana a ruwa mai zurfi, ba sa taɓa ƙasa sai ranar da aka ɗaga su da ƙugiya. Jirginka kullum sai an tura hancinsa kan yashi ko taɓo a tunga, wani lokaci a ja shi a kan duwatsu ko kututturan da ruwa ya rufe. Abu ɗaya cikin biyu zai faru: ko farantin ya daku ya fara shigo da ruwa ta hudar katakon, ko ya nutse cikin taɓo. Taɓo ba ya gudana, yana ɗumama ya tsaya a wurin, sai matsin gas ya hau kamar babu kwandensa. Haka idan an fitar da jirgin tudu don gyara, ba a kunna injin sam. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: tunda babu fanka, babu iskar da ke bi ta kan kwamfiresan da akwatin lantarkinsa, a ƙasa mai zafi sai an ƙara musu 'yar fanka duk da haka. Ba a yi wa farantin fenti, don haka gansakuka da ƙananan halittun ruwa masu ɓawo suna kama shi, sai an riƙa shiga ruwa ana gogewa.

Idan har ana son ribar wannan hanya a jirgin katako, akwai yadda masu haɗa jiragen aiki suke yi. Ana shimfiɗa bututun jan ƙarfe a waje, a gefen katakon tsakiyar gindi, a buga masa katako biyu masu kauri hagu da dama da suka fi shi tudu, su riƙa karɓar gogar yashi. Bututu mai inci uku bisa takwas, mita 3 zuwa 4, ya ishi ƙaramin kwamfiresa. Ni ban so a tura gas ɗin kansa cikin wannan bututu. Gara a cika shi da ruwa mai tsabta a yi masa zagaye rufaffe da ƙaramin famfo da ɗan tankin ƙari a sama, ruwan ya je kwandensa ya dawo. Famfon ba zai taɓa ganin laka ko kainuwa ba, ba ya shan iska, idan bututun ya fashe kuma ruwa ka rasa ba gas ba. Sai dai a ƙara tsawon bututun, ya kai ninki biyu, don yanzu zafin sau biyu yake tsallakawa. Jiragen ƙarfe su ma haka suke yi, sai dai su tanki marar kauri suke waldawa a jikin gindin ta ciki.

A kan ƙarfe, a bambanta ruwan daɗi da na gishiri. A Kainji ko tafkin Chadi jan ƙarfe zalla yana jurewa. A Legas, Tema, Duwala ko Fot Sudan ba ya kai labari, sai gaurayen jan ƙarfe da nikel mai kashi 90 da 10, ko titaniyam. Kayan famfon gida masu ruwan ɗorawa kuwa kar su kusanci ruwan gishiri: gishirin yana tsotse zinkin da ke cikinsu, su koma jajaye, su riƙa farfashewa a hannu. Ɗan ƙarfen sadaukarwa da ake ɗaurawa don tsatsa ta ci shi maimakon kwandensa shi ma ya danganta da ruwan. Zinki na teku ne. A ruwan daɗi yana yin farin ɓawo ya daina aiki, a nan magniziyam ake sawa. Inda ruwan ya gauraya kamar lagun ɗin Legas, alminiyam ya fi. A duba shi duk wata uku, idan rabi ya tafi a sauya. Idan ya ƙare cikin makonni, wuta ce ke yoyo daga wata waya zuwa ruwa, a nemo ta da mitar auna wuta kafin ta ci bututun.

Wankin kwandensar ruwa: a rufe bawul, a cire ƙarfen sadaukarwa, a zagaya ruwan asid ɗin fosforik da aka sirka ko ruwan binega daga bokiti da famfon na kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Idan laka ce kawai, a tura ruwa ta baya daga mafita zuwa mashiga. Ban da ruwan batir, don Allah.

Firizar gida kuwa, tana yi na ɗan lokaci, amma ka san abin da ka saya. Kwandensarta a binne take cikin bangon waje, shi ya sa jikinta ke ɗumi. Mutane sukan lulluɓe ta da bargo ko soso wai don ta riƙe sanyi, alhali hanyar zubar da zafinta suka toshe. Ba ta da inda za a haɗa mata ruwa. A duba takardar bayanta: mai alamar T an yi ta don zafin da ya kai digiri 43, ST digiri 38, N kuwa 32 kawai. Kwamfiresanta a kan sifirin yake rataye ta ciki don ƙasa mai lafiya, igiyar ruwa tana sa shi dukan ƙoƙonsa, su kuwa irin BD50F an yi su su jure karkata har digiri 30. Cikinta ba a yi shi don ruwan kifi da jini ba, yana ruɓewa ta kusurwoyi. Abin da ya fi damuna shi ne gas: yawancin na yanzu R600a ne, yana kama wuta kuma ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasan jirgi yake kwanciya, inda tururin fetur ma yake taruwa, ga inbata da tartsatsin batir a gefe.

Injiniya_Apapa ya rubuta:

Na yarda da Malam Mai Sanyi, akwati ne farko. Rufaffen zagayen ruwan da Makaniki ya kawo ma ya fi jan ruwan tafki kai tsaye idan mai haɗa jirgin zai iya huda katakon ya toshe da kyau. Bari in ƙara abin da zai hana a ɗora wa kwandensa laifin da ba nata ba.

Kwamfiresan BD yana faɗin ciwonsa da kansa. A haɗa ƙaramin kwan LED tsakanin tashar da aka rubuta D da ƙaramar tashar +, a ƙidaya ƙiftawarsa. Ɗaya: wutar batir ta yi ƙasa. Biyu: fanka ta ja fiye da ƙima. Uku: ya kasa tashi, ko dai matsin gas bai daidaita ba ko ya cije. Huɗu: nauyi ya yi masa yawa har gudunsa ya faɗi. Biyar: akwatin lantarkin ya yi zafi ya kashe kansa. Huɗu da biyar su ne ke nuna kwandensa ba ta samun sanyi ko an cika gas da yawa. Ɗaya da uku kuwa galibi waya ce. A bolt 12 yana yankewa idan wuta ta sauka zuwa 10.4, ba ya dawowa sai ta hau 11.7, kuma a bakin tasharsa yake aunawa, ba a kan batir ba. Siririyar waya tana zubar da wutar a hanya daidai lokacin tashi. Ƙa'idar kamfanin mai sauƙin riƙewa ce: waya mai murabba'in milimita 4 kar ta wuce mita 4, mai 6 mita 6, mai 10 mita 10, kai tsaye daga batir, da fiyus mai amfiya 15 kusa da batirin. A jirgi a yi amfani da kan waya da aka matse aka rufe, waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif tana yin kore cikin wata guda.

Gudunsa ana saita shi da rizisto, ɗan abin rage wuta da ake auna ƙarfinsa da om, a layin tamostat: babu rizisto yana juyi 2,000 a minti, om 277 ya ba da 2,500, om 692 ya ba da 3,000, om 1,523 ya ba da 3,500. Idan akwatin yana da soso mai kauri, a bar shi a 2,500. Zai daɗe yana aiki kafin ya tsaya, amma zafin da yake turawa kwandensa a kowane minti ya ragu, fanka ta samu sauƙi, jimillar wutar wuni ma ta ragu.

Gas ɗin waɗannan injuna kaɗan ne ƙwarai, ana auna shi da sikeli bisa abin da aka rubuta a jikinsu, ba da kallon geji ba. Giram 20 na ƙari ya isa ya sa raɓa ko ƙanƙara ta biyo bututun dawowa har kan kwamfiresa. Idan an ƙara kwandensar ruwa a bayan ta fanka, cikin layin ya ƙaru, sai an sake daidaita gas ɗin da famfon a kunne, a sake dubawa da shi a kashe. Duk lokacin da aka buɗe layi a sauya diraya, wato matatar da ke tsotse danshi daga gas, a ja iska da injin bakyum na gaske har gejinsa ya nuna maikiron 500, don man da ke tafiya da R134a yana shan danshi, danshin kuma yana daskarewa a bakin siririn bututun da ke shiga farantin sanyi. Alamarsa ita ce injin ya yi sanyi na ɗan lokaci, farantin ya narke alhali kwamfiresa na aiki, idan an kashe an jima an kunna ya dawo.

Gwajin da matuƙi zai iya yi ba tare da geji ba: bayan injin ya yi minti 15 yana aiki, ya taɓa bututun da ke fita daga kwandensa zuwa diraya. Ɗumi kaɗan sama da iskar wurin, ko sama da ruwan tafki idan famfo na aiki, lafiya lau. Idan ya yi zafin da hannu ba ya son daɗewa a kai, ya duba matata ko haƙoran kwandensa kafin ya kira kowa.

Mai_Sanyi_Sabongari ya rubuta:

Alhaji, ga yadda zan jera kashe kuɗin. A fara haɗa akwatin mai soso santimita 10 da rumfarsa, a bar wurin farantin sanyi da hudar bututu a toshe. A auna ƙanƙara da sikeli wajen fita, a auna abin da ya rage wajen dawowa, a yi haka a watan zafi. Idan abin da bango ke narkarwa bai wuce kilo 10 a wuni ba, ka kwatanta kuɗin wannan ƙanƙarar da na kwamfiresa da batir da sola, ka ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Idan fitar za ta riƙa kai kwana huɗu ko biyar, ko ƙanƙara na wuyar samu a lokacin da kifi ya fi yawa, sai a sa injin da fanka, a gudu 2,500, a bar masa gurbin kwandensar ruwa a layin tun ranar haɗawa don kar a sake yanka bututu daga baya.